Uwar Maƙerar da Na Ƙi Bugawa

Tun da na dawo daga Sudan ban ƙera lauje ɗaya cikin natsuwa ba. Mutum zai shigo maƙera ya zauna kusa da zuga-zugi, ka tambaye shi me ya kawo gyara, ya ce a'a, labari ya zo ji. Wani so yake ya san ko da gaske ne ana hawa rufin jirgin ƙasa a can, wani kuma ko Yaya Ilu ya zama Balarabe. Na gaji da komawa farko kullum ƙarfe yana hucewa a hannuna, shi ya sa na zauna na tsara shi gaba ɗaya. Wanda ya sake tambayata sai a karanta masa.

Ga wanda bai san gidanmu ba, mu maƙera ne kaka da kakanni, a wani ƙauye kudu da Kano. Yaya Ilu shi ne babba a ɗakinmu. Ina saurayi ya tafi aikin hajji ta ƙasa, ya sauke farali, a hanyar dawowa guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Nilu, ya tsaya neman na mota, har yau neman yake yi. Can ya yi aure, ya samu aikin layin dogo. Alhazai masu dawowa sukan kawo mana gaisuwarsa, amma da Inna ta tsufa sai ta ce ta gaji da saƙon baki, in je in gano mata ɗanta da idona. Na jira aka gama girbi, na ƙera asake da wuƙaƙe na tsaraba, na kama hanya.

Daga Kano zuwa Maiduguri babu abin faɗi sai ciwon baya. A tashar Maiduguri na haɗu da Malam Tanko, wani mai fataucin goro da ya saba da hanyar, ya ce in bi shi amma in rage surutu. Bin dai na bi shi. Muka ƙetare kogi a kwalekwale muka shiga Fotlami, nan wani ɗan sanda ya zazzage jakata, ya ga asake jere a tsumma, ya ce makamai ne. Malam Tanko ya yi ta yi masa bayani cewa na aski ne. Sai mutumin ya tuɓe hula, ya zauna a kan akwati, ya nuna mini kansa. Ni da ba wanzami ba, haka na yi masa aski a gaban jama'a, ina cika ina batsewa. Ya shafa kai ya ji sumul, ya mayar mini da kayana, ya riƙe aska ɗaya. Na ji zafinta, amma na lura wadda ta fi kyau ya zaɓa, wato dai ya san aiki in ya gani.

A Abashe muka yi jiran mota, muka sauka gidan wani mutumin garin, abokin cinikin Malam Tanko. Aka kawo tuwon gero da miyar busasshiyar kuɓewa, muka kewaye akushi. Mai gida ya tambayi sana'ata. Malam Tanko ya taka mini ƙafa, ni kuwa na ɗauka matsatsi ne, na janye ƙafata, na buɗe murya na ce maƙeri ne ni, ɗan maƙeri. Ana fassara musu sai na ga hannaye suna janyewa daga akushi ɗaya bayan ɗaya. Ashe a ƙasar nan ba a cin abinci da maƙeri, ba a ba shi aure, unguwarsu ma daban take a bayan gari. Raina ya ɓaci ƙwarai. A garinmu manomi ba ya fita gona sai ya biyo ta ƙofarmu, Sarkin Maƙera kuwa da rawani ake naɗa shi. Aka zuba mini nawa tuwon a ƙwarya daban. Na cinye shi tas, na nemi ƙari, aka ƙara mini.

Daga Adare muka shiga Jinaina, iyakar Sudan. Aka yi mana allura a dantse, aka tsare mu a wani fili mai shinge don a ga ko muna ɗauke da ciwo. Nan na fara jin ana ce mana Fallata. Na ce ni ba Bafillace ba ne, ko saniya ɗaya ba ni da ita. Malam Tanko ya ce in bar wahalar da kaina, duk wanda ya fito daga yamma sunansa ke nan, ko Bahaushe ko Babarbare. Motar da ta kai mu Niyala kuwa, rabin hanya mu muka kai ta, muna turawa cikin rairayi.

A Niyala na shiga jirgin ƙasa. Masu tambayar rufi, gaskiya ne, ana hawa, har da tunkiya na gani a sama an ɗaure ta. Ni ciki na zauna, don Inna ba gawata ta aika a kai wa Yaya ba. Mutanen jirgin akwai kyauta. Ba wanda zai buɗe ƙunshin abincinsa bai tura maka ba, ko da ba ku jin yaren juna. Abincin ne dai sai a hankali. Akwai kisra, wata aba mai tsami da ake yi da ƙullun dawa, sirara kamar takarda, ka ci fal hannu ka ji kamar ba ka ci komai ba. Akwai wake da ake damawa da man riɗi, suna ce masa ful. Shayi kuwa ba su da lokacinsa, da safe shayi, da rana shayi, in jirgi ya tsaya a daji ba dalili sai kowa ya sauka a hura wuta a dafa shayi.

Muka ƙetare gada a Kosti, muka isa Sinnar, nan na rabu da Malam Tanko, shi ya yi garin Madani da goronsa. Ƙasar Jazira shimfiɗaɗɗiya ce, gonakin auduga da magudanan ruwa iyakar ganinka, masu tsinkar audugar kuwa da yawansu namu ne. A bakin tasha na tsaya gaban wani mai tsire ina nuni da yatsa kamar bebe, sai ya dube ni ya ce, "Baƙo, hwaɗi da baki mana, mi kaka so?" Na kusa rungume shi. Su can agashe suke ce wa tsire, Larabawa ma a wurin Hausawa suke saye. Shi ya nuna mini jirgin da ke bin layin kudu, wanda ke wucewa Sinja ya nufi wajen Rusairis, inda ake ginin babbar madatsar ruwa a shekarun nan.

Ƙauyen su Yaya Ilu yana kusa da Sinja, tsakanin layin dogo da kogi, Hausawa ne zalla, yawancinsu jikokin mutanen ƙasar Sakkwato. Da hantsi na isa. Na shirya zan durƙusa in gaishe shi yadda aka saba, sai ya ɗago ni, ya dafa kafaɗata, ya rungume ni irin na mutanen can. Ya yi furfura. Hausarsa ta Kano ta tafi, sai munka da sunka, da Larabci a tsakiya kamar tsakuwa cikin shinkafa. Matarsa Zainabu, haifaffiyar ƙauyen, ta kawo mini gahawa a ɗan tulun ƙasa. Sai da na huta na lura da abin da ya kamata in lura da shi tun farko: ranar aiki ce, ga ma'aikacin layin dogo zaune a gida.

Zainabu ce ta faɗa mini, shi ya kasa. Yaya Ilu yana cikin masu gyaran layi, waɗanda ake ce wa darisa, kuma shi ne mai bin wani yanki da ƙafa kowace safiya yana duba ƙarfe. Kafin zuwana da 'yan makonni, wata safiya mai sanyi, ƙarfen layi ya karye a yankinsa a ƙarƙashin jirgin siminti, tarago ɗaya ya sauka. Ba wanda ya mutu. Amma da aka zo dubawa sai aka ga guntu guda, kamar kamu ɗaya, ya fita daga layin, an neme shi an rasa. Bakunan da suka rage kuwa ƙafafun jirgi sun daddake su, ba a iya gane komai a jikinsu. Nan magana ta tashi a gari cewa Fallata ne suka sare ƙarfen don su ƙera fartanya, ɗan'uwansu mai duba layi ya kau da kai. Aka dakatar da shi, aka sa ranar da zai bayyana gaban mufattish, babban mai binciken layi, a Sinja.

"In sunka ce sara ne, kurkuku," in ji Zainabu. "In sunka ce tsaga ce bai gani ba, kora. Ya'ni ko ta ina mushkila ta. Ni yanzu ko suk, kasuwa ke nan, ban iya zuwa, sai a bi ni da ido."

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne zargin ba na wauta ba ne. Mu maƙera haka muke yanke babban ƙarfe, a sassare shi da kurfi a kewaye, a ba shi guduma ɗaya ya ɓalle.

Washegari na matsa wa Yaya ya kai ni wurin. An riga an sa sabon ƙarfe. Muka tsaya gefe jirgin kaya ya zo wucewa, ya ce kada in kalli jirgin, in kalli layin. Na tsuguna na duba, sai na ga abin da ban taɓa zato ba: duk ƙafar da ta hau, ƙarfen nan mai kauri sai ya ɗan lotsa tsakanin katakan da ke ƙarƙashinsa, ta wuce ya miƙe, wata ta hau ya sake lotsawa. Da jirgin ya wuce, Yaya ya tsinci guntuwar waya a ƙasa, ya lanƙwasa ta gaba, ya lanƙwasa ta baya, ya yi ta yi har ta rabu biyu a hannunsa.

"Ka gani, ban ja ta da ƙarhi ba," ya ce. "Maimaici ne ya kashe ta. Haka layi yake. In akwai ɗan rauni wuri guda, kowace ƙahwa ta buɗe shi ta ruhe, ta buɗe ta ruhe, tsagar ta ci gaba da abin da bai kai silin gashi ba. Shekara da shekaru tana ci. Ran da lafiyayyen da ya rage ya kasa ɗaukar kaya, halas, shi ke nan, sai ya ɓalle lokaci guda, mutane su ce yau ya karye. Ga shi tun da anka fara madatsa, jiragen siminti sun hi na da nauyi."

Ya nuna mini inda tsaga ta fi son farawa, wato ramukan ƙusoshi a mahaɗar ƙarfe biyu. Ya ce irin wannan tana nuna kanta, za ka ga zaren tsatsa siriri yana fitowa daga ramin. In ka ƙwanƙwasa da guduma kuma, lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da zaƙi, mai tsaga kuwa kamar fasasshiyar tukunya. Ya ce ya bi wurin nan kwana ɗaya kafin abin ya faru, bai ga zare ba, bai ji komai ba. Tsofaffin darisa sukan ce akwai wata tsagar da ke farawa daga can cikin ƙarfe, ba ta leƙowa waje sai ranar da ta gama aikinta, amma da me zai nuna haka, guntun ya ɓata? Na dubi yayana, mutumin da ya koya mini riƙon awartaki, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai laifi, na ji tausayinsa har ya koma mini haushi.

Maƙeri ɗaya ne a ƙauyen, wani tsoho da ake kira Baba Gado, yana aiki a kan wata tsohuwar uwar maƙera da duk ta lotse. Da ya ji ɗan maƙera ya zo daga gida sai ya aiko in je bayan la'asar. Na tafi da wuƙa ɗaya ta tsaraba. Ya juya ta, ya gwada kaifin a farce, ya tambayi sunan kakana, sannan ya sakaya ƙofar rumfar.

Akwai al'adar da muke da ita, ashe su ma sun riƙe ta. In maƙeri ya samu sabuwar uwar maƙera, ba shi zai fara bugunta ba. Sai ya shafe ta da mai, ya naɗe ta ya ajiye, har Allah ya kawo wani maƙeri na gado daga wani gari ya yi mata bugun farko da bisimilla. Girma ne babba, ni kaina sau ɗaya aka taɓa yi mini. Baba Gado ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin gawayi, ya warware, ya miƙo mini masaba. Guntun ƙarfen layi ne, kamu ɗaya, yana ƙyalli da man riɗi.

Na ce, "Baba, wannan ai shi ne ake nema."

"Shi na," ya ce. "Kai ɗan gida na, mi za ni ɓoye maka? Sahiyar da abin ya hwaru na tsince shi cikin ciyawa, nesa da layi. Na ce ƙarhen da ya karye ai ya zama na mai tsintuwa. Sai daga baya na ji ana Fallata sun sara. To, in anka gan shi hannun maƙerin Fallata, wa za ya yarda tsintuwa ta? Lakin in ka buga, gobe in sa shi wuta, in goge bakunan da magagari, in kahe shi cikin kututture. Ya zama uwar maƙera, ba layi ba. Babu ƙarhe, babu shaida, garinmu ya huta, Ilu ma ya huta."

Wato tsohon yana ganin ceton gari yake yi. Na ajiye masabar, na juya guntun na dubi bakinsa. Babu sarar kurfi ko ɗaya a kewayensa. A tsakiyar kaurin ƙarfen akwai wani wuri mai santsi kamar ƙwayar wake babba, da zobba a kewaye, zobe cikin zobe kamar an yanka albasa, sauran bakin kuwa garas-garas irin na ƙarfen da ya ɓalle farat ɗaya. Ɗaya bakin ma da irinsa, ƙarami. Kowane maƙeri ya san fartanyar da ta daɗe da tsaga kafin ta karye, amma tsohuwar tsaga baƙa take fitowa. Wannan fara ce sol kamar azurfa. Ban gane dalili ba, kuma ban san ko farin nan zai wanke Yaya ko zai ƙara kama shi ba.

Bakina ya cika da maganganu masu zafi, na haɗiye su saboda furfurarsa. Na ce, "Baba, ka girmama ni, na gode. Amma ba zan buga ba. In ka goge bakin nan, ka goge abu ɗaya tak da zai iya faɗin yadda ƙarfen ya karye. Babu shaida ba ya nufin an wanke Yaya, yana nufin zargin ya zauna a kansa har ya mutu, ya zauna a kan garinku. Ba zan tona ka ba, ba aikina ba ne. Sai dai ban san yadda zan ci tuwon gidansa ina kallon idonsa ba."

Ya ce, "Ka san in na kai shi, ni za a kama?"

Na ce na sani. Ya naɗe ƙarfensa ya mayar ƙarƙashin gawayi, ni kuma na fita ban yi sallama mai kyau ba.

Ranar da za a je Sinja, mun idar da sallar asuba ke nan muna shiri, sai ga Baba Gado a ƙofar gida, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya yi gammo, buhun yana kansa. Ya sauke a gaban Yaya Ilu ya warware. Zainabu ta fara magana da Larabci da sauri, ban ji ba amma na san ba addu'a take yi masa ba. Yaya ya ɗaga mata hannu. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon farin wurin nan, sannan ya ce, "Baba, bari in ɗauka maka." Tsohon ya ce shi ya ɗauko shi daga ciyawa, shi zai mayar. Haka ya ɗauke shi a ka har bakin hanya, a cikin mota ya rungume shi a cinya, a Sinja ya sake ɗora shi a ka, muka ratsa kasuwa mutane suna kallonmu.

Mufattish ɗin wani dogon mutum ne mai tsagar fuska uku-uku, ba fara'a, ba kuma wulaƙanci. Yaya ne ya riƙa fassara mini. Baba Gado ya ɗora ƙarfen a kan tebur, kafin a tambaye shi ya ce shi ya tsinta, shi ya ɓoye, Ilu bai sani ba, garin ma bai sani ba. Mufattish ya sa aka kawo tsumma ya share man, ya ɗauko wani ɗan gilashi mai girmama abu, ya matsa bakin taga. Ya bi kewayen ƙarfen kaf yana neman sara. Sannan ya kira mu mu matso, har da ni da ba kowa ba a wurin.

Ya sa bakin alƙalami a kan wani ɗigo a tsakiyar farin wurin, ya ce daga nan ta fara, ɗan aibi ne da ya shiga tun ranar da aka narka ƙarfen, ƙanƙane kamar ƙwayar gero. Zobban nan kuwa sawun tsagar ne, kowanne yana nuna inda ta tsaya kafin ta ƙara gaba, jirgi bayan jirgi. Na kasa haƙuri na sa Yaya ya tambaye shi me ya sa take fara. Ya dube ni, ya ce tambaya ce mai kyau. Tsagar da ta leƙo waje iska da ruwa suna shiga, sai ta yi baƙi. Wannan ba ta taɓa shan iska ba sai ranar da ƙarfen ya ɓalle, wato ba ta taɓa fitowa inda ido zai gan ta ba, guduma ma ba kullum take jin irinta ba. Ya ce ba sara ba ne, ba kuma sakacin mai duba layi ba ne.

Ya tambayi wanda ya shafa mai. Baba Gado ya ce shi ne. Mufattish ya ce da an bar shi haka, da tsatsa ta rufe bakin duka, da ba wanda zai iya rantsuwa ko farar tsaga ce ko baƙa. Ya ce amma wannan bai hana ɗaukar kayan layi zama laifi ba, dole ya miƙa shi ga 'yan sanda. Tsohon ya ce ya sani, da shirinsa ya zo, ya nuna ɗan bargon da ya yi gammo da shi.

Na zaci Yaya zai yi godiya ya fita. Sai na ji ya tambayi mufattish, sauran ƙarafan da aka shimfiɗa tare da wannan, narki ɗaya, su fa? Mutumin ya ce mai yiwuwa wasunsu suna ɗauke da irinta a ciki. Ya ce zai sa jirage su riƙa tafiya a hankali a yankin har a canja su, kuma yana son mai duba layin ya tsaya a wurin duk lokacin da jirgi zai wuce. Yaya ya ce zai koma yau. Ko abincin kasuwar Sinja da na yi niyyar saya mana bai tsaya ci ba.

Baba Gado ya kwana biyu a hannun 'yan sanda kafin shehun ƙauyen ya karɓo shi da gargaɗi. Zainabu, wadda ta wanke shi tas da Larabci, ita ta riƙa dafa abincin da ake kai masa, ta kuma koma zuwa kasuwa kanta a sama. Ƙarfen bai dawo ba, an aika da shi babbar ma'aikatar layin dogo. Tsohon ya koma kan lotsattsiyar uwar maƙerarsa, na yi sauran kwanakina ina taya shi aiki, muka ƙera laujuna masu yawa na yankan riɗi. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma haka. Na ga manyan maƙera a rayuwata, amma ban ga wanda ya cika mini ido kamar tsohon nan da buhu a ka a tsakiyar kasuwar Sinja ba.

Yaya kuwa sai na riƙa ganinsa da yamma kawai, a gajiye. Ranar da zan taho ma bai raka ni tasha ba, da asuba muka yi sallama ya fita aiki. Jirginmu ya taso, da muka shiga yankin Yaya sai ya rage gudu, yana tafiya kamar mai tausayin ƙasa. Na leƙa ta taga na hango shi a gefen layi, ya ɗan sunkuya, gudumarsa a hannu. Na fito da kai da kafaɗa, na ɗaga hannu, na ƙwala masa kira da Yaya, na ƙwala da Ilu, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na san ya ji. Bai ɗago ba, idonsa yana kan ƙarfen da ke lotsawa ƙarƙashin ƙafafun taragonmu, ɗaya bayan ɗaya, har muka wuce. Wani Balarabe da ke kusa da ni ya yi mini alama da hannu, wane ne? Na ce masa da Hausa yayana ne, na buga ƙirji don ya gane.

Da na iso gida Inna ba ta bari na sha ruwa ba. Ta tambayi lafiyarsa, da matarsa, da abin da yake ci, na faɗa mata duka. Sannan ta ce, da muka rabu yaya fuskarsa take, ya yi kuka? Na ce, "Inna, ban ga fuskarsa ba. Jirgin da nake ciki yake tsaro."